Na shiga hakaton mun tashi a tutar babu, in sake komawa?

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce, wata tara ke nan ina koyon rubuta manhaja. Kwanakin baya abokan karatuna uku suka ja ni muka shiga hakaton, irin gasar nan da ake ba da jigo a ce cikin awa 48 kowace ƙungiya ta ƙirƙiro wasan kwamfuta ko manhajar waya a kansa. Jigon da aka ba mu kalma ɗaya ce: "Hanya". Muka cinye daren farko muna gardama. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wasa mai garuruwa biyar, da ciniki, da faɗa, wanda mutane da yawa za su buga tare ta intanet. Ni aka ba wa aikin haɗa 'yan wasa ta intanet, abin da ban taɓa yi ba, kunya kuma ta hana ni faɗa. Kwana biyu ban runtsa ba. Saura awa uku muka zo haɗa ayyukanmu, komai ya wargaje, aikin wannan ya hau kan na wancan. Lokaci ya cika ba mu miƙa komai ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce a gaban sauran, da ba a sa ni ba da sun gama. Tun ranar ba na buɗe kwamfuta da daɗin rai. Yanzu ga wata gasar tafe, sauran biyun sun ce in zo mu sake gwadawa. Raina yana so, amma ina tsoron in sake zama sanadin faɗuwar mutane. Anya wannan harka tawa ce? Ko in bari sai na ƙware?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki koma. Amsata ke nan, na kuma sa ta a gaba don kada ki yi ta karatu gabanki na faɗuwa. Abin da ya rage shi ne yadda za ki koma, domin in kika tafi da shiri irin na farko, abin da ya same ku shi zai sake samun ku.

Bari mu fara da maganar da ta tsaya miki a rai. Abokinku ya ce da ba ke da sun gama. Ba gaskiya ba ne, kuma ba lallashi nake yi ba. Wasa mai garuruwa biyar da ciniki da faɗa aiki ne da kamfanoni masu ma'aikata da yawa suke kwashe shekaru a kansa. Ɓangaren da aka ɗora miki kuwa shi ne mafi wuya a cikin duka. Idan mutum biyu suna buga wasa ɗaya daga na'urori biyu, dole kowace na'ura ta san inda kowane ɗan wasa yake a kowane lokaci, alhali saƙon da ke tsakaninsu yana makara a hanya, wani lokaci ma ya ɓace. Dole a yanke wace na'ura ce maganarta ke tabbata in suka saɓa. Kafin ki gwada ko layi ɗaya da kika rubuta ya yi aiki, sai kin kunna wasan a wuri biyu. Mutanen da suka daɗe suna shiga irin wannan gasa, da yawansu ba sa kusantar wannan ɓangare in lokacin kwana biyu ne. Wasanku tun daren farko ya mutu, a zaman da ku huɗu kuka amince da shi. Ranar ƙarshe gawar kawai kuka gani.

Amma akwai rabonki a ciki, kuma zan faɗa miki shi don na ga kina son gaskiya. Rabonki shi ne shirun da kika yi. Rashin iya wannan aiki bayan wata tara ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Da kin buɗe baki kin ce "ban taɓa yin wannan ba", da wataƙila wani ya ce shi ma haka, da an sauke wasan ƙasa tun da sauran lokaci. Kalmomi biyar ne, amma sun fi duk kodin ɗin da kika kwana kina yi amfani ga ƙungiyar.

Sai batun ki bari sai kin ƙware. Na fahimci inda tunanin ya fito, amma ba a koyon iyo a tudu. Abin da hakaton ke koyarwa aji ba ya koyar da shi, darasin intanet ma ba ya koyarwa: yadda ake ɗaukar tunani daga baki a kai shi har hannun wani mutum ya taɓa, cikin lokacin da ba ya jira. Akwai masu shekaru suna karatu waɗanda ba su taɓa gama abu ɗaya sun saki ba. Ki kuma sani ba duk waɗannan taruka ne aka gina a kan wa ya ci wa ya faɗi ba. Kalmar hakaton kanta ta fito ne a 1999, lokacin da wasu masu aikin OpenBSD, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, suka haɗu a birnin Calgary na Kanada don su zauna wuri ɗaya su yi aiki tare. Global Game Jam, taron ƙirƙirar wasannin kwamfuta wanda aka fara a 2009 kuma ake yi duk watan Janairu a ƙasashe da dama a lokaci guda, ba ya fitar da gwarzon duniya. A Ludum Dare, wata gasar ƙirƙirar wasanni da ta samo asali tun 2002, waɗanda suka shiga su ne ke buga wasannin juna su ba da maki su bar sharhi. Sababbin shiga suna cikin waɗanda aka buɗe wa ƙofar tun asali.

Yanzu mu zo kan jigo, don a nan na fi son ki tsaya. Mutane da yawa suna ɗaukar jigo kamar tambayar jarrabawa, wadda dole amsarta ta ƙunshi komai. Da aka ce muku "Hanya", sai kuka ce hanya tana haɗa garuruwa, garuruwa suna da kasuwa, a kan hanya akwai 'yan fashi, kowace kalma ta haifo wani aiki. Alhali jigo shinge ne. An kafa shi ne don ya rage muku faɗin fili, ku daina kallon duniya duka ku kalli lungu ɗaya.

Dubi irin jigogin da ake bayarwa. A Global Game Jam na 2020 an ce "Gyara". A 2023 an ce "Saiwoyi", a 2024 "Ka ba ni dariya". A 2013 ko kalma ba a bayar ba, sautin bugun zuciya aka kunna wa mutane. A wannan taro na 2013 ne mutum huɗu daga kamfanin Bossa Studios na Landan suka yi wasan da ya zama Surgeon Simulator. Me ke cikinsa? Tebur ɗaya, majinyaci ɗaya, hannu ɗaya na likita, kowane yatsa da maɓallinsa, a ce ka yi dashen zuciya. Babu asibiti mai hawa uku, babu labarin rayuwar likitan. Wahalar sarrafa hannun ita ce wasan gaba ɗaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Arvi Teikari, ɗan ƙasar Finland. A Nordic Game Jam na 2017 jigon yana nufin abin da ba ya nan. Shi sai ya kama kalmar korewa da ke cikin jigon, ya tambayi kansa me zai faru in dokokin wasa suka zama abin da ɗan wasa zai iya canzawa. Ya rubuta dokokin a kan tubala a cikin filin wasan. In ka ture tubali ɗaya daga jimlar da ta ce bango yana tsayarwa, sai ka ratsa bango ka wuce. Shi ya zo na ɗaya a gasar, kuma a 2019 wasan ya fito cikakke da sunan Baba Is You. Baban nan wata 'yar farar halitta ce a cikin wasan, ba mahaifi ba. Abin lura shi ne bai tambayi me da me jigon ya ƙunsa ba. Ya nemi abu ɗaya da jigon zai sa ɗan wasa ya aikata.

Haka za ku yi. Da an sanar da jigo, kada ku fara magana. Kowa ya koma gefe da takarda minti goma sha biyar ya rubuta duk abin da ya faɗo masa. Tunanin farko yawanci shi ne ya zo wa kowa a zauren, don haka kada ku yi saurin rungumarsa. Sannan kowane tunani a auna shi da tambaya ɗaya: ɗan wasa yana yin me? Dole amsar ta shiga jimla ɗaya mai aikatau ɗaya. Ga misali da jigonku na baya: kana tafiya a kan allo ɗaya, duk tubalin da ka taka sai ya rufta bayanka, dole ka isa ƙofa ba tare da ka rufe wa kanka hanya ba. Wannan wasa ne. Murabba'ai da launi uku sun ishe shi, ke kaɗai za ki iya tayar da shi a yini ɗaya, kuma ya fi garuruwa biyar kama jigon. In manhaja ce ba wasa ba, tambayar ita ce wane mutum, wace matsala ɗaya, wane maɓalli zai danna. GroupMe ta fito ne daga hakaton na TechCrunch Disrupt a New York a 2010, kuma abu ɗaya ta zo da shi: ka aika saƙon tes ɗaya ya isa ga rukunin mutane. Shekara ɗaya bayan nan Skype ta saye ta.

Ban kawo waɗannan sunaye don ki tafi da burin naki zai zama irinsu ba. Dubban wasanni ake yi a irin waɗannan gasa duk shekara, mafi yawansu mutane kaɗan ne ke buga su, kuma hakan bai rage musu daraja a wurin waɗanda suka yi su ba. Na kawo su ne don ki ga ko waɗanda suka yi suna da ƙaramin abu suka fara. Celeste, wanda ya fito a 2018, asalinsa wasa ne da mutum biyu suka yi cikin kwana huɗu a 2015 a kan PICO-8, wata manhajar gina ƙananan wasanni, inda allon duka ɗigo 128 ne a tsaye 128 a kwance, launi 16 kacal.

Gardamar zaɓe kada ta wuce awa ɗaya, in ta yi tsawo awa biyu. Tun kafin ranar ku amince da mutum ɗaya wanda in an kasa daidaitawa maganarsa ce ta ƙarshe. Ba sai wanda ya fi iya kodin ba. Wanda ya fi iya cewa "wannan ba za mu yi ba" ake nema. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Game da lokaci, doka ɗaya nake so ki riƙe: kafin rabin lokaci ya wuce, a sami abin da za a iya bugawa daga farko har ƙarshe, komai muninsa. A fara, a yi abin da ake yi, a ci ko a faɗi, a sake farawa. Ko da ɗan wasan akwati ne, maƙiyin kuma da'ira. Da an samu, a fitar da shi a ɗora a shafin gasar nan take. Daga wannan lokaci kun riga kun tsira daga abin da ya same ku a baya, duk abin da kuka ƙara riba ce, kuma kuna iya sauya shi da wanda ya fi kyau kafin a rufe. Fitar da wasa daga injin da aka gina shi, wato manhajar gina wasa, zuwa abin da wani zai buɗe yana da nasa tangarɗa, wadda ba ta bayyana sai an gwada: hoto ya ɓace, sauti ya ƙi fita, fayil ya yi nauyi. Wanda ya bar wannan sai awar ƙarshe, a daidai lokacin da kowa ke rububin ɗora nasa, ya sa kansa a tsaka mai wuya. In da hali ku fitar da wanda ake bugawa kai tsaye a burauza, irin yadda itch.io, shafin da ake ɗora wasanni, ke karɓa, domin mutane sun fi saurin danna abin da ba sai sun sauke shi ba.

Abin da ya wargaza ku a awa ukun ƙarshe yana da magani, sunansa Git, manhajar da ke haɗa aikin masu kodin wuri ɗaya. Kowa yana tura ɗan abin da ya yi zuwa ma'ajiya ɗaya, a shafin GitHub ko makamancinsa, yana kuma jawo na sauran. In kuna yin haka duk bayan awa ɗaya ko biyu, karon da za a samu ƙarami ne, layi kaɗan, a gyara cikin minti biyar. In kuka bari sai ƙarshe, karon kwana biyu ne zai faɗo muku lokaci ɗaya. Ku kuma raba fayiloli tun farko, kada mutum biyu su riƙa taɓa fage ɗaya na wasan a lokaci guda. Awa huɗun ƙarshe kuwa a rufe ƙofar sabon abu. Duk wanda ya ce "bari in ɗan ƙara wani abu" a ba shi haƙuri. Lokacin na gyaran kurakurai ne, da rubuta yadda ake buga wasan, da ɗaukar hotunansa, da miƙa shi ga wanda bai taɓa ganinsa ba ku tsaya ku kalli inda ya rikice ba tare da kun ce masa komai ba. In gasar tana da gabatarwa gaban alƙalai, mintunan da ake bayarwa kaɗan ne, don haka ku nuna abin yana aiki tun a daƙiƙun farko, ku kuma ɗauki bidiyonsa ku ajiye ko da intanet zai yanke.

Ki yi barci. Na ji zafin wannan layi na wasiƙarki da kika ce kwana biyu ba ki runtsa ba. Ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba takan kwashe awa biyu tana neman kuskuren da za ta gani cikin minti goma da safe, tana kuma haifar da sababbi a hanya. Ba jarumta ba ce, kuma lafiyarki ta fi kowace gasa. Ku tsara lokacin kwanciya kamar yadda kuka tsara sauran aikin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki shiga da kayan aikin da ranar za ki fara ganinsu. Ku zaɓi inji ɗaya tun yanzu. Godot kyauta ne kuma ba shi da nauyi a kan kwamfuta, GDevelop yana barin mutum ya gina wasa ba tare da rubuta kodin mai yawa ba, Unity ma yana nan in shi kuka saba da shi. Wanda kuka fi sani shi ne daidai. In babu mai zane a cikinku, akwai hotuna da sautuka da ake bayarwa kyauta, irin na shafin Kenney, matuƙar dokar gasar ta yarda. Dokar nan ki karanta ta da kanki, kada ki dogara da an ce. Gasa ta bambanta da gasa. A Ludum Dare, rukunin awa 48 na mutum ɗaya ne kuma shi zai yi zanensa da sautinsa a cikin lokacin, rukunin awa 72 kuma yana karɓar ƙungiya, dokokinsa sun fi sassauci. Ki duba ko an yarda a zo da kodin da aka rubuta a baya, ko an yarda da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, da kuma wa ke mallakar aikin bayan an gama, musamman in kamfani ne ya ɗauki nauyin taron. In kuma kin ga awa 48 sun matse ki, akwai masu dogon zango: Game Off na GitHub yana ɗaukar watan Nuwamba gaba ɗaya.

Saura mutanen. Ki lura da abu ɗaya da tsoro ya rufe miki ido a kansa: mutum biyu da suka ga komai da idonsu, suka yi asarar kwana biyun tare da ke, su ne suka dawo suna neman ki. Da sun yarda da maganar ɗan'uwansu da ba su kira ki ba. Kafin ki amsa musu, ki nemi ku zauna ku uku. Ki ce musu ga abin da na iya, ga wanda zan iya koya kafin ranar, ga wanda ban iya ba. Ki nemi su ma su faɗi nasu. Ki karɓi aikin da kika san za ki iya kammalawa, kamar motsin ɗan wasa, ko ƙirga maki, ko allon farawa da na ƙarewa, ko ma ki zama mai kula da fitar da wasan da ɗora shi, aikin da kowa ke rainawa kuma shi ne ke raba wanda ya miƙa da wanda bai miƙa ba. Ku yi alkawari cewa duk wanda ya maƙale a wuri ɗaya fiye da rabin awa zai ɗaga murya.

Shi kuwa wanda ya yi miki maganar, gajiya da takaici na iya sa mutum ya furta abin da ba haka yake ba, amma wannan bai wajabta miki sake zama ƙungiya ɗaya da shi ba. In ya dawo ya ba ki haƙuri, ki yafe masa. In kina jin nauyin maganar har yanzu, ki same shi ku biyu ki gaya masa ta yi miki ciwo, cikin natsuwa, sau ɗaya. Kada ki bari jimla ɗaya da aka faɗa a ƙarshen dare biyu na rashin barci ta yanke miki hukunci a kan sana'ar da kike so.

Ga abin da nake so ki yi a wannan makon, ke kaɗai, ba da sanin kowa ba. Ki buɗe kwamfutar nan. Ki ba kanki awa uku. Ki yi akwati da ke motsi da maɓallan kibiya, da ɗigo da in akwatin ya taɓa shi maki ke ƙaruwa, da agogo mai daƙiƙa 30 da in ya ƙare wasan ke tsayawa ya nuna makin. Ki fitar da shi, ki ɗora a itch.io, ki buɗe shi a wata na'urar ki tabbatar yana tashi. Sannan ki tura wa abokan nan biyu adireshinsa, ki ce musu kina nan zuwa, ku sa ranar zama.

Yayarki